Inshorar da Na Saya da Gaisuwa

Ni ban je Riyad don in yi shari'a da banki ba, tuƙi ya kai ni. Na fi shekara ashirin ina jan motar kayan gwari daga kasuwar Aziziya zuwa shaguna da gidajen abinci, har tumatir ya san ƙarar hon ɗina. Sunana Tanimu, mutumin Malumfashi, amma a kasuwa Baba Direba ake ce mini. Karatun boko kuwa a aji uku na yi sallama da shi, ranar da aka ba ni kuɗin littafi na kai wa mai ƙosai ajiya. Don haka duk wanda ya ga rubutun nan yana karkacewa ya yi haƙuri, mai shi ma haka yake tafiya yanzu.

Abin ya faro ne daga rufin gida. Na daɗe ina gini a Malumfashi, bango ya tashi ya tsaya yana kallon sama, kowace damina sai ta ci rabonta. Maiɗakina Hajiya Abu ta ce ita ta gaji da zaman haya alhali mijinta na ƙasa mai tsarki, mutane na yi mata kallon matar attajiri. Sai na ce bari in ci bashi a bankin da albashina ke shiga, in rufe gidan, in biya a hankali, in tattara in koma in huta.

Na sa farar jallabiyata na tafi. Aka kai ni wurin wani saurayi mai ƙamshin turaren da ya fi albashina tsada. Ya tashi tsaye, ya ba ni hannu, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Na ce a raina, kai, yaron nan ya samu tarbiyya. Ya zauna gaban na'urarsa ya fara gaishe ni.

"Kaif halak, ya Hajji?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Kaif sihha?" Wato ya lafiyar jiki.

Na ce, "Lafiya lau, bi khair, alhamdu lillahi."

"Ba wata matsala?"

"Ba komai sai godiyar Allah."

Ina amsawa yana danna na'ura, ƙyas, ƙyas. Ni ma na tambaye shi iyali da mahaifa, har da gajiya, shi dai bai tsaya amsawa ba.

To, ga gaskiyar magana. A lokacin na daɗe da ciwon sukari. Wani likita ɗan Sudan a unguwar Batha ke ba ni magani, da kuɗin aljihuna nake biya, ban taɓa kai katin asibitin kamfani ba, don kada magana ta kai kunnen mudir, wato manajanmu, ya ce direba ya tsufa. Ko Hajiya Abu ba ta sani ba. Amma ba wai ɓoye wa saurayin nan na yi ba. Gaishe ni ya yi! Wane ɗan halas ne za a gaishe shi ya fara zayyana ciwo? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ranar da zai cika maƙwabci ya shigo ya ce ya jiki, ya ɗaga kai da ƙyar ya ce da sauƙi. Kafin mutumin ya kai zaure an fara kuka. Haka aka rene mu. Wanda Allah ya bar wa numfashi ba ya buɗe baki ya ce ba shi da lafiya.

Da muka gama gaisawa sai ya ce akwai ta'amin, wato inshora, kuma dole ne, ba a ba da bashi sai da shi. Ya ce idan na kwanta ciwo su za su riƙa biya mini bashin, idan na mutu a yafe. Na ce wannan ai ya fi ɗan'uwa. Ya nuna mini wuri da yatsa na sa hannu, ya sake nunawa na sake sawa. Daga wannan wata, duk ƙarshen wata sai a yanki na bashi, a yanki na ta'amin, abin da ya rage mu raba ni da Malumfashi.

Aka rufe gida. Shekaru suka tafi, bashi ya yi nisa, har na fara tambayar farashin akwati. Sai wata safiya wani kwandon katako ya zame daga bayan mota, ƙusarsa ta same ni a babban yatsan ƙafar dama, ƙafar totur da birki. Ɗan rauni ne wanda yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Ya ƙi warkewa. Ya kumbura, ya yi baƙi, takalmi ya ƙi shiga. Na ce wa mudir targaɗe ne, na ɗauki hutu ba albashi, na kwanta a ɗakin da muke haya ni da Mamman.

Mamman mutumin Maraɗi ne, shi ke kula da masu lodi a kasuwa. Mun daɗe muna ɗaki ɗaya, kuma a duk tsawon zaman nan bai taɓa yarda na fi shi gaskiya ba ko sau ɗaya. Shi ya riƙa ɗaukata a tsohuwar motarsa zuwa wurin ɗan Sudan ana wanke ƙafar. Da saƙon banki ya fara shigowa cewa biya ya wuce lokaci, shi ya tuna mini.

"Kai Tsoho, ba kai ka cika mu da baki kana da ta'amin ba? Har kana cewa ka fi mu wayau, mu 'yan adashi?"

"Na faɗa."

"To, tashi mu tai su biya. Ga ka kwance, mi ya rage?"

A nan tafiyar ta fara. Wanda bai sani ba zai ce Riyad gari ɗaya ne. Ni na san tsakanin tebur da tebur a garin nan ya fi Malumfashi zuwa Legas nisa.

Muka fara da banki. Saurayin mai turare an ce an ƙara masa girma, ya koma wani reshe. Ba gahawa, ba dabino, sai wata na'ura a bakin ƙofa da ke tofo lamba. Muka zauna har azahar. Da lambarmu ta fito, mutumin ya duba ya ce su bashi kawai suka sani, ta'amin na wani kamfani ne, mu je can. Na ce ai a nan na saya. Ya ce e, a nan ake sayarwa, amma ba a nan ake tambaya ba.

Kamfanin yana arewacin gari, a wani dogon bene na gilashi inda ko inuwa sai an biya. Suka ce ba sa ganin mutum ido da ido, sai dai a kira waya. Na ce ga ni ga ku, wayar me? Suka ba ni lamba. Na tsaya a gaban mutumin da ya ba ni ita na kira, wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, sai aka sa mini kiɗa. Ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe ina sauraron kiɗa. Mai gadin wurin, wani bawan Allah ɗan Bangaladash, shi ya tashi daga kujerarsa ya tura mini, ya tsaya a tsaye har muka tafi. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Bayan zirga-zirgar da ta cinye tayar Mamman, suka tura ni wurin likitansu. Ya ɗebi jini, ya dawo yana girgiza kai.

"Hajji, tun yaushe kake da sukari?"

Na ce, "Ni? Yau na fara ji a bakinka."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce jinin nan ya girmi bashin. Sai ga amsar kamfani: ba za su biya ko sisi ba, domin ciwon ya riga ta'amin zuwa, kuma ranar da aka sayar mini an tambaye ni lafiyata na ce lafiya lau. Yana nan a rubuce.

Na ce wa Mamman, "Yaushe aka tambaye ni? Wallahi ba wanda ya tambaye ni!"

"Tuna dai."

Na zauna na yi ta tunani, sai ƙarar na'urar nan ta dawo mini, ƙyas, ƙyas. Na dafe kai. Ashe duk alhamdu lillahin da na yi, yaron nan rubutawa yake. Gaisuwata aka mayar shaidar likita.

Mamman ya yi dariya har ya riƙe bango. "Shekara da shekaru kana biyan kuɗin gaisuwa! Mu da muke gaishe ka kyauta ba ka gode ba."

Ni ba dariya a bakina. A ƙasar nan mai bashin banki ba ya fita. Ko ka kai ƙofar jirgi, na'ura za ta ce koma. Ga iƙamata, takardar zama, ta kusa ƙarewa. Ga ƙafa. Ga albashi ya tsaya. A kwanakin nan aka yi wani ɗan yayyafi a Riyad, ƙasa ta yi ƙamshi irin na farkon damina a gida, na leƙa taga ina shaƙa, sai na ji hawaye. Na ce wa Mamman maganin ƙafar ne ke da yaji.

Wani Bamisire mai yi wa 'yan kasuwa lissafi shi ya buɗe mana ido. Ya ce ta'amin ɗin nan ba dole ba ne tun farko, kuma tunda ina da ciwon kafin in saya, ko da na shekara ɗari ina biya ba zai taɓa amfanata ba. An sayar mini da abin da ba ya aiki. Akwai ofishin da ake kai kukan bankuna, idan suka yarda za a dawo mini da duk abin da aka yanka, kuma a ganinsa zai iya rufe ragowar bashin. Sai dai sharaɗi: in kawo rahoton ɗan Sudan tun daga ranar farko, in kuma kawo takardar wurin aiki da ke faɗin dalilin kwanciyata, da hatimin mudir.

Na ce a'a. Idan mudir ya ga rahoton nan ya karɓe makulli, sannan ofishin ya ce ban da gaskiya, ina na nufa? Ba aiki, ba albashi, ba hanyar gida. Sai in zama irin tsofaffin da muke gani a bakin masallacin Batha, waɗanda suka zo da ƙarfinsu, takarda ta riƙe su har gemu ya yi fari.

Mamman ya ce, "To zauna. In ka ce sabon ciwo ne, jini ya ƙaryata ka. In ka ce tsoho ne, girman kai ya hana ka. Kai dai ka hi son a kai gawarka da lahiya lau a rubuce a goshi."

Na yi kwana da kwanaki ba na yi masa magana. Daga baya na ɗauki sandata na ce ya tada mota.

Mudir ɗinmu, Abu Fahad, ba mugu ba ne, amma ba ya wasa da motocinsa. Ya karanta rahoton a hankali har ƙarshe, ya ɗago.

"Hajji Tanimu, duk shekarun nan? Kana jan mota cike da kaya a kan babban titi?"

Na ce, "Ban taɓa buge ko kyanwa ba."

Ya ce ya sani. Ya buga hatimi. Sannan ya miƙo hannu, tafin a sama. Na ciro makullin daga aljihu na sa masa. Ya ce ba zai sabunta iƙama ba, amma ba zai kore ni daga ɗaki ba har ta ƙare. Na fito na wuce motata a ajiye, wani yaro ɗan Pakistan yana daidaita madubin da na shekara ban bari kowa ya taɓa ba.

Ranar da aka kira mu ofishin koke, Mamman ya yi ta yi mini huɗuba a mota kamar mai kai yaro makaranta.

"Duk wanda ya tambaye ka jiki, ka ce ba daɗi. Maimaita."

"Ba daɗi."

"Da ƙarhi!"

"Ka ji da tuƙinka, kana hawa layi."

Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. Wadda za ta saurare mu mace ce, baƙa, mai matsakaicin shekaru, ana ce mata Ustaza Maryam. Ta sa aka kawo wata kujera na ɗora ƙafar, naɗe da bandeji kamar kan jariri. Larabcina na kasuwa ne, na san farashi, na san hanya, na san zagi, amma nasu na ofis sai in tsinci ɗaya in zubar da uku. Mamman ke cike mini, shi ma rabi ƙirƙira yake.

Wakilin banki ya iso a makare, wani mai kwat da jaka. Ya ba Ustaza haƙuri, ya juyo ya miƙo mini hannu yana murmushi.

"Kaif sihha, ya Hajji?"

Jama'a, ban san lokacin da ta fita ba. "Bi khair, alhamdu lillahi, lafiya lau."

Mamman ya buga tafi ɗaya ya juya wa bango fuska. "Shi ke nan. Ka kashe mu. Tashi mu tai gida."

Mai kwat ya buɗe hannuwa ya dubi Ustaza, ya ce ta ji da kunnenta, abin da na faɗa musu ke nan tun farko, su kuwa abin da mutum ya faɗa suke rubutawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, in tafi da harshen nan nawa a binne mu tare.

Ustaza ta ɗago kai. Ta dubi ƙafata a kan kujera, ta dubi sandata, ta dubi mai kwat. Ta tambaye shi, a ganinsa mutumin nan da ke gabansa lafiyarsa ƙalau? Ya ce a'a, ai ga ƙafa. Ta ce to ga shi na ce lafiya lau, sai ya rubuta mana. Bai rubuta ba. Ta ce yana da wata shaida cewa an yi mini tambayar da ta wuce irin wadda ya yi mini yanzu? An ambaci sunan wani ciwo? An gaya mini ina iya ƙin saya? Ya fara jujjuya takardu yana cewa zai bincika.

Sai ta juyo gare ni, ta yi magana da Hausa. Hausa! Mai nauyi, irin ta wanda ya koya a cinyar tsohuwa ya bar ta a can.

"Baba, kakata mutuniyar Kano ce. Haka take. Ranar da muka kai ta asibiti na ƙarshe, likita ya ce yaya, ta ce da sauƙi, a mai da ita gida. Na san ku." Ta ɗauki alƙalami. "Amma ni ba gaishe ka nake ba. Tambaya nake. Me ke damun ka, tun yaushe? Faɗa da bakinka, in rubuta."

Na tuƙa mota cikin guguwar yashi ban ji tsoro haka ba. Mamman ya matso ya dafa kafaɗata, ba zolaya a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "'Yata, ba ni da lafiya."

Daga nan kamar an fasa tulu. Na faɗi sukari da shekarunsa. Na faɗi jirin da ke kama ni in na jima ban ci ba, yadda nake ajiye mota gefen titi in tsotsi dabino in jira ya wuce. Na faɗi ƙafafun da ke yi mini kamar ana tsira allura. Na faɗi tsoron da nake ji kada in mutu a ƙasar mutane da bashi a wuyana, a rasa mai sa hannu a sallame ni. Abubuwan da ban taɓa gaya wa matata ba na zazzage su gaban wani mai kwat da ban san sunansa ba. Da na gama, shi da kansa ya tura mini kwalbar ruwa.

Ba a ranar aka yanke ba, kada ku ɗauka abin da sauƙi. Aka ce a jira. Na jira har na fara zargin wayata ta lalace, ina ba Mamman ya kira ni don in tabbatar tana ƙara. Iƙama na ta matsowa. Aka ce takarda ta tafi wurin wani, wanin ya tafi hutu. Sai wata ranar Laraba bayan la'asar saƙo ya shigo. Mamman ya karanta, ya sake karantawa, ya ce bai yarda da Larabcinsa ba, ya ruga wurin Bamisire. Ya dawo yana haki. An mayar da kuɗin ta'amin duka, an zuba a kan bashin, ya rufe, har da ɗan canjin da ya isa akwati da tsaraba. Da na je karɓar takardar sallama a banki, wata yarinya ta ce tunda ni amintaccen abokin hulɗa ne, ko ina sha'awar sabon bashi? Mamman ne ya riƙe sandata kafin in ɗaga ta.

Amma maganar da ta fita daga baki ba ta komawa. Kafin mako ya zagayo duk Hausawan Aziziya sun ji Baba Direba ba lafiya. Aka yi ta zuwa dubiya, ɗaki ya cika. Kowa da ledarsa: dabino, inabi, lemon kwalba, wani har da zuma. Mai ciwon sukari fa! Mamman ya zauna a bakin ƙofa yana karɓa yana godiya a madadina, yana ci. A cikin masu dubiyar akwai wani ɗan Malumfashi, ɗan gidan mai kanti, da bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ban kai filin jirgin Sarki Khalid ba sai da labari ya riga ni sauka.

A filin jirgin, da jami'in ya karɓi fasfona ya sa a na'ura, na ƙura masa ido. Ya buga hatimi ya miƙo mini ko kallona bai yi ba. Na waiwaya, Mamman na can bayan gilashi yana goge ido da hularsa, yana yi mini alama wai in tafi na dame shi.

Na iso gida ana ta murna, jikoki na ja mini riga. Hajiya Abu ta yi mini sannu da zuwa a gaban mutane kamar ba komai. Da aka watse ta sa ni zama, ta durƙusa ta kwance bandejin da hannunta, ta daɗe tana kallon yatsan.

"Larabawa sun sani, 'yan Maraɗi sun sani, har wata 'yar ofis ta sani. Ni da na haifa maka 'ya'ya sai a bakin ɗan gidan mai kanti zan ji?"

Na ce, "Ai kin san halin..."

"Na san shi. Shi ya sa daga yau ba zan tambaye ka ba, dubawa zan riƙa yi."

Ta fita ta dawo da shayi. Na kurɓa, na kusa furzar da shi. Ruwan zafi ne da ganye, ko ƙamshin sukari bai gifta ta kansa ba. Tuwo an rage mini shi ya koma kamar na yaye. Jikoki an yi musu kashedi, duk wanda aka kama ya sayo wa Kaka alewa zai gamu da ita. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata cewa ni ne mutumin da ya kayar da banki a ƙasar Larabawa. Ta ce ta ji, in shanye kafin ya huce.

Na tambayi babban ɗana ko a gidan nan akwai inda ake kai kuka. Ya ce akwai. Ya nuna mini ita.